Girgizar ƙasa: Kada mu tsaya jiran lamba

Ranar Litinin 12 ga Disamba 2022, gab da ƙarfe sha biyun rana, ina tsaye gaban allo a wata makaranta da ke yammacin Accra, sai na ji kamar babbar mota ta wuce ta ƙarƙashin ƙafata. Tagogi suka yi ƙara. Kafin in juyo yara sun yi kan ƙofa gaba ɗaya, ƙofar da mutum biyu ba sa wucewa tare. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na sandare da alli a hannu, ban ce musu komai ba, don ban san abin da zan ce ba. Daga baya aka sanar cewa ƙarfin girgizar maki 4.0 ne. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo a ajina sai wata yarinya da aka taka wa yatsa a bakin ƙofa.

Da hankali ya kwanta, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ka ce a Japan waya tana gaya wa mutane kafin ƙasa ta girgiza. Mu me ya sa ba a gaya mana ba?" Tambayar nan ta daɗe tana cina. Na bi ta na karanta abin da na samu, kuma abin da na fahimta shi ne dalilin wannan rubutu. Na'urorin gargaɗi suna da amfani matuƙa, amma lambar farko da suke bayarwa ƙiyasi ce, kuma idan girgizar babba ce ƙwarai, ƙiyasin yakan fito ƙasa da gaskiya. Duk wanda ya ɗora ransa a kan lambar nan, ko hukuma ce ko mutum ɗaya, ya jingina da bangon da bai bushe ba.

Bari mu fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai duba, akwai gargaɗi. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna daren 18 ga Janairu 2010, kwanaki kaɗan bayan bala'in Haiti, lokacin da saƙon waya ya karaɗe Ghana wai ƙasa za ta girgiza kafin asuba. Ina kwalejin horon malamai a lokacin. Muka kwashi tabarmi muka kwana a filin ƙwallo, sauro ya yi bikinsa a kanmu. Gari ya waye ba abin da ya faru. Wancan duba ne, kuma ƙarya ce. Har yau babu masanin da zai iya cewa ranar kaza, ƙarfe kaza, ƙasa za ta motsa a wuri kaza. Duk wanda ya turo maka irin wannan saƙo a WhatsApp, goge shi.

Gargaɗi wani abu ne daban. Shi sai girgizar ta riga ta fara a can inda ta taso, sannan a yi tsere da ita. Idan dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, kaɗawa iri biyu ke fita. Ta farko, wadda masana ke wa laƙabi da P, tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa guda, amma ba ta cika yin ɓarna ba. Ta biyu, mai laƙabin S, tana tafiyar kusan kilomita 3.5 a daƙiƙa, ita ce da waɗanda ke bin bayanta suke kayar da gini. Kamar walƙiya da tsawa ne: ka ga haske, ka san ƙara na tafe. Saƙon waya ko na rediyo kuwa ya fi su duka sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka idan na'ura da ke kusa da tushen girgizar ta ji kaɗawar farko, tana iya aika saƙo ya riga ta biyu isa gari. Yi lissafin da kanka: garin da ke nisan kilomita 100, kaɗawar farko za ta iso shi cikin daƙiƙa 17, ta biyu cikin daƙiƙa 29. A cire lokacin da kwamfuta ke ɗauka tana lissafi, abin da ya rage shi ne rabon mutanen garin.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Tun 1868 wani likita a San Francisco, J. D. Cooper, ya ba da shawarar a dasa na'urori a wajen gari a haɗa su da wayar tangaraho, su riƙa kaɗa babbar ƙararrawa a tsakiyar birni. Sai bayan fiye da shekara ɗari aka iya aiwatarwa. Meksiko ta kafa nata tsarin a 1991, bayan girgizar 19 ga Satumba 1985 da ta hallaka dubban mutane a babban birninta. Su sun yi dace da nisa: manyan girgizoginsu sukan taso ne daga gaɓar teku ta jihar Guerrero, kusan kilomita 300 daga birnin, don haka sukan samu kusan minti guda. Japan ta fara yi wa jama'a gargaɗi ta talabijin da rediyo a watan Oktoba 2007, daga baya har ta wayar salula. Kafin nan ma jiragen ƙasansu masu gudun tsiya suna da na'urar da ke yanke wuta ta taka birki da kanta.

To, ina matsalar take? Tana wajen sanin girma. Gano inda girgiza ta taso abu ne mai sauƙi idan na'urori uku ko huɗu sun ji ta. Amma nawa ne ƙarfinta? Wannan lamba ita ce ke yanke hukuncin wa za a tasa daga barci, wa za a bari. Idan kwamfuta ta ce maki 5 ne, garuruwan kusa kawai za a faɗa wa. Idan ta ce 8 ne, sai a tashi rabin ƙasa. Kuma ma'aunin ba irin na mudu ba ne da za a ce biyu ninkin ɗaya ne. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Ƙarin maki biyu, sau 1,000. Kuskuren da a ido yake kamar ƙarami, a ƙasa tazarar rai da mutuwa ce.

Yadda ake ƙiyasin shi ne a ɗauki daƙiƙa uku ko huɗu na farkon kaɗawar P, a duba tsawon motsin da kuma yadda yake jan lokaci. Ƙaramar girgiza takan yi rawa da sauri-sauri, babba takan yi lilo mai faɗi a hankali. Daga nan a kwatanta da dubban girgizogin da aka taɓa aunawa, a fitar da lamba. Dabarar tana aiki sosai ga ƙanana da matsakaita, har zuwa wajen maki 7. Daga nan sai ta fara gazawa, kuma dalilin ba lalacin masana ba ne, yanayin abin ne.

Je ka wurin mai yadi a kasuwar Makola ka saurara. Idan ya sa almakashi ya ɗan tsaga bakin yadi ya ja, ƙarar farko iri ɗaya ce, ko taƙi ɗaya zai yaga ko faɗin yadin duka. Ba za ka san tsawon yagar ba sai ya tsaya. Haka dutsen ƙasa yake. Tsagar tana farawa a wuri guda, ta riƙa bin layinta da gudun kilomita biyu zuwa uku a daƙiƙa. Girgiza mai maki 6 takan gama cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai maki 9 takan kai minti uku tana yagewa. To ta yaya daƙiƙa uku na farko za su ba ka labarin abin da bai riga ya faru ba? Mu Hausawa muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masana sun shafe shekaru suna muhawara ko girgizar ƙasa tana da irin wannan Larabar, wato ko farkon babba ya bambanta da farkon ƙarama. Abin da manyan girgizogi suka nuna zuwa yanzu shi ne, farkon bai isa shaida ba.

Japan ta koyi wannan darasi da tsada ranar 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana. Hukumar yanayin ƙasar ta fitar da gargaɗi cikin daƙiƙa 8.6 bayan na'urar farko ta ji motsi. Wannan abin yabo ne: mutanen Sendai da kewaye sun samu 'yan daƙiƙoƙi, jiragen ƙasa masu ɗauke da fasinja sun rage gudu sun tsaya ba wanda ya kauce daga layi. Amma lambar da ta fita a lokacin 7.2 ce. Da ita aka zana iyakar waɗanda za a faɗa wa, shi ya sa Tokyo ba ta shiga cikin gargaɗin ba, alhali ta girgiza sosai. Bayan minti uku aka fitar da gargaɗin ambaliyar teku ta tsunami bisa ƙiyasin maki 7.9, aka ce ruwa zai kai mita 6 a Miyagi, mita 3 a Iwate da Fukushima. Ainihin girman kuwa 9.0 ne, wato ƙarfin ya ninka abin da aka zata fiye da sau 40. Tsagar ta kai tsawon kusan kilomita 500. Ruwan da ya zo ya haura mita 10 a wurare da dama.

Ka sa kanka a matsayin mutumin wani gari a gaɓar Iwate, wanda ya san katangar da aka gina musu a bakin teku ta fi mita 3. Ya ji rediyo ya ce mita 3. Me zai sa shi gudu kan tudu? An ɗaga lambar daga baya, amma wuta ta riga ta ɗauke a wurare da yawa, ba kowa ya ji gyaran ba. Mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace, mafi yawansu ruwa ne ya ci su. Hukumar da kanta ta amince cewa ƙaramar lambar farko ta iya sa wasu jinkirin gudu. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni: lambar da ta yi ƙasa ta fi shiru haɗari, domin tana kwantar wa mutum da hankali a lokacin da ya kamata hankalinsa ya tashi.

Wani zai ce ai wannan 2011 ne, yanzu fasaha ta ci gaba. To mu zo 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe 4:17 na asuba, kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Mu a Ghana ba za mu manta da wannan rana ba, don a cikinta muka rasa ɗan ƙwallonmu Christian Atsu, wanda aka ciro gawarsa daga ɓaraguzai a Antakya ranar 18 ga watan. Mutum fiye da 55,000 suka rasu a ƙasashen biyu. A lokacin kamfanin Google yana da tsarin gargaɗi da ke aiki a Turkiyya ta wayoyin Android. Dabarar mai kyau ce: ɗan abin nan da ke juya hoto idan ka karkata wayarka, shi ne ke jin motsin ƙasa. Idan wayoyi da yawa a yanki guda suka ji a lokaci ɗaya, sai su kai rahoto, kwamfuta ta yi lissafi ta aiko da gargaɗi. Gargaɗin hawa biyu ne. Akwai ƙarami mai cewa ka lura, wanda ba ya tashin mai barci idan ya sa wayarsa a shiru. Akwai babba mai ƙara da ƙarfi, wanda ke keta shirun ya rufe fuskar wayar.

A daren nan tsarin ya ƙiyasta girgizar tsakanin maki 4.5 da 4.9. Ainihinta 7.8 ce. Tazarar ƙarfi tsakanin lambobin nan ta haura sau 20,000. Sakamakon haka babban gargaɗi 469 kacal aka aika, alhali mutum kusan miliyan 10 ne ke cikin yankin da ya cancanci a tashe su, wasunsu da ratar da za ta iya kai daƙiƙa 35. Sai a watan Yuli 2025, fiye da shekara biyu bayan abin, waɗannan alƙaluma suka fito fili, lokacin da masanan kamfanin suka wallafa bincikensu kuma BBC ta bi diddigi. Sun ce sun gyara lissafin, kuma da suka sake gwada shi da bayanan wancan dare ya fitar da babban gargaɗi miliyan 10. Madalla da gyara. Ba na cewa ƙarar waya za ta ceci kowa. Wanda ke hawa na tara na benen da ya rufta gaba ɗaya, daƙiƙa 35 ba lallai su fitar da shi ba. Amma iyaye nawa ne za su iya janye yaro daga jikin bango a cikin wannan lokaci? Kuma shekara biyu ana jiran a ji gaskiyar abin da ya faru, wannan ya yi yawa ga tsarin da aka ce yana aiki a ƙasashe 98.

Abin da ya burge ni da Japan shi ne yadda suka karɓi kuskurensu. Tun Maris 2013, idan alamu suka nuna girgiza ta wuce maki 8 kuma ba a tabbatar da girmanta ba, sanarwar tsunami ta farko ba ta faɗin mita kaza. Kalma ake amfani da ita: ruwa mai girman gaske na tafe. Sai an tabbatar sannan a kawo lamba. A 2018 kuma suka ƙara wata dabara da ba ta jiran sanin girma ko tushe: idan na'ura ta ji girgiza mai ƙarfi a nan, kai tsaye a gargaɗi maƙwabtanta na kusa, haka saƙon zai yi ta gaba yana bin girgizar. A Amurka ma, tsarin ShakeAlert na jihohin yamma ya fara haɗawa da na'urorin GPS, waɗanda ke auna ainihin yadda ƙasa ta gusa, domin su ba sa cika su tsaya kamar yadda ƙiyasin daƙiƙun farko ke yi. Duk waɗannan gyare-gyare abu ɗaya suke faɗa: idan ba ka sani ba, kada ka yi kamar ka sani, kuma idan za ka yi kuskure, yi shi ta ɓangaren da za a tashi mutane.

Na san akwai mai cewa, Malam, in aka yi ta tashin mutane a banza ai za su daina kulawa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ranar 8 ga Agusta 2013 wayoyi sun yi ƙara a faɗin yammacin Japan wai girgiza mai maki 7.8 ta taso a Nara. Jirage suka tsaya, mutane suka firgita, ashe ƙaramar girgiza ce ta haɗu da tangarɗar wata na'ura a ƙarƙashin teku. Hukumar ta fito a ranar ta ba da haƙuri ta bayyana dalili. A nan bambancin yake da darenmu na 2010. Mu ba mu san wanda ya turo saƙon ba, ba wanda ya ɗauki alhaki, kuma ba a kan wani awo aka gina shi ba. Mutane suna iya jure ƙararrawar kuskure idan sun san mai ita, kuma ya saba gaya musu gaskiya da wuri. Asarar ƙararrawar banza ita ce barcin dare ɗaya da jinkirin jirgi. Asarar ƙararrawar da ba ta kaɗa ba, mun gan ta a Antakya.

Yanzu in dawo ga tambayar ɗalibina, don amsarta ba mai daɗi ba ce. Mu a Accra, layukan tsagar da ke motsi ba a nisan kilomita 300 suke ba kamar na Meksiko. Suna nan ƙarƙashinmu, wajen Weija da McCarthy Hill da bakin teku, inda layin Akwapim ya haɗu da na gaɓa. Daga can zuwa Nima ko Sabon Zango, ratar da ke tsakanin kaɗawar farko da ta biyu ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Kafin kowace kwamfuta ta gama lissafi, girgizar ta iso. Ko Meksiko da ke da tsari mai kyau ta ɗanɗana haka ranar 19 ga Satumba 2017: girgiza mai maki 7.1 ta taso kusa, kimanin kilomita 120 daga birnin, ƙararrawa ta tashi kusan lokaci ɗaya da motsin. Wata makaranta ta rufta, yara 19 suka mutu a ciki. Wanda ya fi kusa da bala'i shi ne ya fi ƙarancin samun gargaɗi. Haka abin yake a ko'ina.

Kuma kada wani ya ce mu ba ƙasar girgiza ba ce. Ta 1862 ta lalata gine-gine a Accra har da sansanin Christiansborg da ke Osu. Ta 22 ga Yuni 1939, mai kimanin maki 6.5, ta kashe mutum 17, a lokacin da mutanen garin ba su kai 100,000 ba kuma yawancin gidaje na ƙasa ne. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan 5. Mun ga bene ya rufta a Achimota a 2012 ba tare da ƙasa ta ko motsa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Saboda haka kirana uku ne. Na farko ga hukuma. Hukumar binciken ƙasa da hukumar agajin gaggawa ta NADMO su ne ya kamata su zama muryar da jama'a ke saurara, a ba su kuɗin ƙara na'urori da kula da su, kada a bar rayukanmu a hannun lissafin wani kamfani da ba mu da ikon tambayarsa. Waya ta zama ƙari, ba madogara ba. Kuma duk sanarwar farko a faɗe ta da kalmomin da kowa zai gane, da Hausa da Ga da Twi da Ewe, a kuma faɗa ƙarara cewa lambar na iya ƙaruwa.

Na biyu ga 'yan'uwana malamai da shugabannin makarantu, har da na islamiyya da na allo. Gargaɗin daƙiƙa goma ba shi da amfani ga wanda bai san abin yi ba, kamar yadda na tsaya da alli a hannu. Wanda ya sani kuwa, ko ba waya, motsin farko da ya ji shi ne gargaɗinsa. Tun daga wancan lokaci, sau ɗaya a kowane zango nakan buga tebur ba zato, yara su durƙusa, su shige ƙarƙashin benci, su kare kai, su riƙe ƙafar bencin har in ce a tashi, sannan a fita layi-layi zuwa fili. Farkon yi dariya suka yi ta yi. Yanzu kafin in ƙirga biyar kowa ya shige. Ba ya cin ko sidi ɗaya.

Na uku ga masu gini da masu ba da izinin gini. Duk ƙarar da waya za ta yi, ba za ta riƙe ginshiƙin da aka rage wa rodi da siminti ba. Wanda ya ƙara hawa biyu a kan tushen hawa ɗaya don kuɗin haya, ya sani rayuka ya ɗora a kai.

Mu Musulmi mun yi imani ba abin da ke faruwa sai da ikon Allah, kuma yaranmu suna haddace Suratuz Zalzala tun suna ƙanana. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya koya mana riƙo da sababi. Idan ƙasa ta motsa ƙarƙashinka, ko wayarka ta yi ƙara, kada ka tsaya duba maki nawa ne. Lambar za ta zo daga baya, kuma wataƙila ta canza sau uku kafin yamma. Kai dai kare kanka da na kusa da kai tukuna.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.